Sojojin Mai Agogo Talatin da Ɗaya

Akwai wani mai fentin mota da kowa ke kira Fenta, har matarsa. Ku gyara zama jama'a, labarin mutumin nan ya daɗe yana ci na a rai, yau dai na ce sai na ba ku shi.

Fenta gwani ne, wannan ba a ja. In ya fesa wa mota fenti, sai mai ita ya zagaya ta sau biyu yana tambaya ko tasa ce. Aibinsa ɗaya: ya san shi gwani ne. Ba ya iya ganin aikin wani ya kama bakinsa. Ko gaisuwa ya je gidanka, sai ya ɗaga kai ya kalli bango ya ce, "Wa ya yi maka wannan aika-aikar?"

Yana da wa guda ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, mai gyaran agogo. Mutane na ce masa Mai Agogo, Fenta kuma Yaya yake ce masa. Yayan ne ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu, shi ne kuma ya kama hannunsa ya kai shi gareji koyon aiki.

Su biyun suna da wani wasa da suka ƙwallafa rai a kai, na san da yawanku ba ku taɓa ganin irinsa ba. Wasan yaƙi ne a kan tebur. Ana sayen ƙananan sojoji na dalma, kowanne bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Babu launi suke zuwa, mai su ne zai zauna da siririn buroshi ya yi musu fenti ɗaya bayan ɗaya: riga, hula, takalmi, bindiga, har ido.

Sai a shimfiɗa koren ƙyalle a kan babban tebur, a jera tsaunukan soso da gidajen kwali, kowa ya tsayar da rundunarsa. Da tef irin na tela ake auna tafiyar soja, sannan a jefa ƙwaya mai ɗigo irin ta lido a ga ko harbi ya samu.

Kuma fa ba yara ba ne masu yin sa. Magidanta ne, wasu har da furfura. Duk Asabar da yamma suke haɗuwa a ɗakin saman shagon wani tsohon malamin makaranta da suke kira Ticha, su yi ta gardama a kan rabin inci kamar gado ake rabawa.

Ticha yana da doka guda da ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kanta: sojan da ba kai ka yi masa fenti da hannunka ba, ba ya hawa teburinsa. Ko da munin aikin ya kai ina, in dai naka ne, bismillah.

Ana nan, sai hawan jini ya kayar da Mai Agogo a shagonsa, da rana tsaka, gilashin gyara na manne a idonsa. Allah ya yi da sauran kwana ya tashi, amma ɓarin jikinsa na dama ya taɓu. Ƙafa ta dawo da kaɗan-kaɗan. Hannu kuwa ya ƙi. Mutumin da yake ɗaukar kusar agogo ƙarama kamar ƙwayar yashi, ya koma cokali ma sai matarsa ta riƙe masa.

Aka rufe shago. Ya daina zuwa gidan Ticha. Sama da shekara guda ba wanda ya ga ƙeyarsa a wurin wasa.

Kada in zalunci Fenta, ya yi ɗawainiya. Shi ke kai shi ƙofar asibiti ya sauke shi ya wuce, shi ke sayen magani. Sai dai irin mutanen nan ne masu yi maka komai ban da zama su saurare ka. Zai shigo da leda, ya ce, "Yaya ya jiki? Allah ƙara sauƙi," waya na kunnensa, kafin a amsa ya kai ƙofa.

Wata Lahadi Mai Agogo ya aika a kira shi. Ya same shi a falo, da wani akwatin katako a kan cinyarsa, fuskarsa da wani haske da ya kwana biyu bai gani ba.

"Ƙanena, Asabar mai zuwa zan koma gidan Ticha."

"Kai Yaya! Da gaske?"

"Da gaske. Na ji an ce baƙi za su zo daga wata ƙungiya a gwabza. Ga rundunata nan, sabuwa ce, su talatin da ɗaya. Ka tafi da su gareji ka fesa musu ruwan nan mai sheƙi da ke hana fenti gogewa. Ni ba zan iya riƙe abin feshin ba."

"An gama, Yaya."

"Fesawa kawai fa."

"Haba, sai ka ce yau na fara? An gama."

Matar Yayan, wadda Fenta ke kira Anti, ta leƙo daga kicin ta ce, "Ɗan fenti, ka riƙe su da kyau. In ɗaya ya ɓata, kai zan sa a akwatin a madadinsa." Ya yi dariya ya ce ai shi ya fi ƙarfin akwati, ya saɓa ya fita. Ko buɗewa bai yi ba.

Sai washegari a gareji ya buɗe. Yana buɗewa ya ce, "Inna lillahi."

Jama'a, gaskiya aikin ba kyau. Wani sojan an dulmuya shi da shuɗin fenti tun daga hula har takalmi, ba a gane gaba da baya. Wani jan rigarsa ya malalo har gwiwa. Wani idonsa ɗaya a goshi, ɗaya a kunci. Na ƙarshe-ƙarshen layin ne ma suka ɗan yi dama-dama, ana iya gane ɗamara da maɓalli, duk da layin a karkace yake. A ƙarƙashin kowanne an rubuta lamba da farin fenti, ita ma a karkace.

Maƙwabcinsa mai walda ya leƙo, ya ɗauki guda ya juya shi, ya tuntsire da dariya.

"Wannan fa? Jikan wa ya samu fenti?"

"Na Yaya ne."

"Ayya, yi haƙuri." Ya ajiye, amma dariyar ba ta gama barin bakinsa ba. "Yanzu da waɗannan zai fita gaban baƙi? Wan Fenta guda? Ai sai a ce gidan babu mai ido."

Maganar nan ita ta shiga kan Fenta ta zauna. Ya ce wa kansa tausayin Yaya yake ji, kada a yi masa dariya. Ni dai da na san halinsa, na ce muku rabin tausayin nan na kansa ne. Ba ya son a ce wannan kwamacalar daga gidansu ta fito.

Ya tuna dokar Ticha, sai ya ɗaga kafaɗa. Wa zai sani? Ai Yaya ma daɗi zai ji.

Ya ɗauko kwanon roba, ya tsiyaya tina, ruwan nan da suke wanke fenti da shi, ya juye sojojin nan talatin da ɗaya a ciki. Kafin ya gama shan shayinsa ruwan ya koma launin ƙasa. Ya bi su da tsohon buroshin haƙori ya goge tas, har lambobin da ke ƙasa. Suka fito fes kamar yau aka sayo su.

Kwana huɗu ya ajiye motocin mutane yana wannan aiki. Kuma wallahi ya yi aiki! Kowane maɓalli da ɗigon zinarensa. Kowane takalmi da ɗan ƙurar hanya a bakinsa. Kwamandan har da tabo a kumatu. Da ya gama ya jera su a kan benci, ya ja baya ya riƙe ƙugu, shi da kansa ya ce, "Kai, Fenta, Allah ya yi maka baiwa."

Ran Asabar ya je ya ɗauko Yaya a mota. Mai Agogo ya sa fararen kayansa da ya daɗe bai sa ba, Anti ta fesa masa turare. A hanya ya tambayi akwatin, Fenta ya ce yana but, a bayan mota, sai an isa.

Matakalar gidan Ticha goma sha huɗu ce. Mai Agogo ya hau su da sandarsa, yana hutawa a kowace uku, ya ƙi a riƙe shi. Yana shiga ɗaki ya kaure da murna. Wannan ya rungume shi, wancan ya jawo masa kujera, Ticha har da share ido.

"Ina rundunar?" in ji Ticha. "An ce mana ka yi sabuwa."

Fenta ya ɗora akwatin a kan koren ƙyalle, ya buɗe da kansa, yana murmushi.

Nan take aka ɗauki salati. Baƙin nan suka taso suka kewaye tebur, wasu suka ciro waya suna ɗaukar hoto. Ticha ya ɗaga kwamandan zuwa hasken taga ya ce, "Allahu akbar! Mai Agogo, ashe hannu ya dawo haka? Ai ko da lafiyarka ba ka yi irin wannan ba!"

Mai Agogo ya miƙa hannunsa na dama, yana rawa, ya ɗauki soja guda ya kifa shi ya duba ƙasansa. Babu lamba. Ya ajiye, ya ɗauki wani. Babu. Ya ɗauki na uku.

Sannan ya ɗago ya kalli ƙanensa.

"Ina nawa?"

"Su ne, Yaya."

"Na ce ina nawa?"

"Su ne mana. Na ɗan gyara maka su ne."

"Fentin da ke jikinsu fa?"

Fenta ya yi 'yar dariyar da ba ta da gindi. "Na wanke. Yaya ai ka san yadda suke, ba za su fitu gaban mutane ba."

Ban san yadda zan kwatanta muku fuskar bawan Allahn nan ba. Bai yi faɗa ba, bai ɗaga murya ba, kuma da ya yi da ya fi sauƙi. Ya juya wajen Ticha ya ce, "Malam, ba aikina ba ne. Ka san dokarka, ni ma na san ta. Ba su hawa tebur."

"Haba Mai Agogo, yau ɗaya dai a ɗaga..."

"A'a. Ban zo a tausaya mini ba."

Ya dafa sandarsa ya miƙe. Matakalar nan da ya hau da ƙyar, ya sake bin ta ƙasa, ko minti goma bai yi a ɗakin ba. Wani daga cikin baƙin ya goge hoton da ya ɗauka a gaban idon Fenta. Ticha ya rufe akwatin ya tura masa, bai ko kalle shi ba.

Fenta ya bi shi ya mayar da shi gida. Suna isa Yaya ya shige ɗaki ya turo ƙofa. Anti ta tare Fenta a tsakar gida tana tambayar lafiya, me ya dawo da su da wuri. Shi kuwa, don gwano ba ya jin warin jikinsa, har da ƙorafi ya ba ta labari: ya bar aikinsa kwana huɗu, ko sannu ba a ce masa ba.

Anti ta buɗe akwatin. Ta daɗe tana kallo, sai ta zauna a bakin baranda.

"Ka kashe mu," ta ce.

"Anti, fenti ne fa kawai."

"Fenti ne kawai? Zauna. Yau za ka ji abin da ba ka taɓa tsayawa ka tambaya ba."

Ta ce bayan an sallamo shi daga asibiti, wata uku Yaya yana kwance fuskarsa a bango. Ba ya cin abinci sai da faɗa. Likitar da ke motsa masa hannu ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ya jefar da shi ƙarƙashin gado. Rannan likitar ta tambaya me yake so a duniya ban da agogo, aka ce mata sojojin nan. Ta ce to a sayo masa, ya yi musu fenti da hannun da ya mutu ɗin, ba da na hagu ba.

"Na farkon, kwana goma sha tara ya yi a kansa. Da zare nake ɗaure masa buroshin a yatsa. Yana yi yana kuka, ni ina kicin ina nawa. Shi ne shuɗin nan da ka gani."

Fenta ya sunkuyar da kai.

"Duk wanda ya gama sai ya sa masa lamba ya jera a kan kantar ɗakinsa. Ranar da zuciyarsa ta karye ya ce hannun nan ba ya ci gaba, sai in ɗauko masa na ɗaya da na goma in ajiye a gabansa in ce, duba da idonka. Sai ya duba, ya ce a miƙo buroshi. Likita ma duk wata sai mun kai mata sababbin ta jera ta gani. Na ashirin da shida shi ne ranar da ya fara yin maɓalli. Ranar har maƙwabta sai da suka ji muryarsa."

Ta rufe akwatin. "So yake ya jera su a gaban abokansa daga na ɗaya har na ƙarshe, ya ce ku ga inda na taso, ku ga inda na iso. Wata goma sha ɗaya yana jiran ranar nan. Kai kuma ka zuba su a kwano."

"Ban sani ba, Anti. Wallahi ban sani ba."

"Ina za ka sani? Kullum ƙafarka ɗaya a waje. Kuma ai ya ce maka fesawa kawai, ina ji."

Garin neman gira an rasa ido. Daga ranar Mai Agogo bai sake taɓa buroshi ba. Ya sa aka kwashe kwalaben fentin daga ɗakinsa. Ranar asibiti ta zo ya ce ba ya jin fita, ta sake zagayowa ya ce haka. Hannun da ya fara buɗewa ya soma komawa yana dunƙulewa a kan cinyarsa. Likita ta gaya wa Anti gaskiya: irin wannan hannun in aka bar shi ya kwanta, tayar da shi karo na biyu ya fi na farko wuya.

Fenta ya rasa inda zai sa kansa. Ya ba da haƙuri har ya gaji, Yaya ya ce ba komai. Ya sayo sababbin sojoji kwali guda ya kai, aka ce an gode, aka tura ƙarƙashin gado. Gidan Ticha kuwa ba wanda ya kore shi, amma duk wanda Fenta ya ce masa su buga, sai mutumin ya ce yau kallo ya zo yi. Asabar uku ya yi yana zaune shi da rundunarsa mai kyau, ya daina zuwa.

Sai wata dabara ta zo masa, irin ta mutumin da har yanzu yake ganin hannunsa zai iya gyara komai. Ya ce tunda shi ya wanke, shi zai mayar. Ya sake jiƙa soja guda ya wanke nasa fentin, ya kama buroshi da hannun hagu don aikin ya fito a karkace, ya dulmuya shi da shuɗi yadda ya tuna na farkon yake. Ya rubuta lamba ɗaya a ƙasa. Ko rabin awa bai ɗauke shi ba.

Ya kai wa Yaya da safe, ya durƙusa a gabansa ya ajiye a kan tebur.

"Yaya, ga na ɗaya. Zan mayar maka da su duka yadda suke."

Mai Agogo ya ɗauka da hannun hagu, ya juya shi a hankali. A karon farko cikin wata biyu ya ɗan yi murmushi, amma ba na daɗi ba.

"Ka yi ƙoƙari. Sai dai wannan rawar hannun mai lafiya ce. Nawa, a bayan hularsa akwai inda buroshi ya kuɓuce mini sau uku. Na san kowane ɗigo a jikinsa, don na san ranar da na yi shi."

Fenta ya fashe da kuka, ƙato da shi. "Ka yafe mini, Yaya."

"Na yafe maka tun a mota. Kai ƙanena ne, ina zan kai ka? Amma ka ga, da in na kalli kantar can ina ganin ina tafiya. Yanzu in na kalli hannun nan, shi kaɗai nake gani. Ba ni da ƙarfin sake farawa daga ɗaya."

Tun daga ranar, duk Asabar da yamma Fenta yana rufe gareji ya tafi gidan wansa. Ya kashe waya. Ya shimfiɗa jarida a kan tebur, ya tsayar da soja guda marar fenti, ya buɗe kwalbar shuɗi, ya ajiye buroshi kusa da hannun Yaya na dama. Ba ya cewa ɗauka. Ya dai zauna su yi hira, wadda da ba ya da lokacinta. In magariba ta gabato ya rufe kwalbar kada fentin ya bushe.

Wanda ya ba ni labarin nan ya ce wata bakwai ke nan ana haka. Har yanzu Mai Agogo bai ɗauki buroshin ba.

Darasi: Ba duk abin da ka gani a karkace ne yake jiran gyaranka ba. Wani aikin da ka raina, mai shi da hawaye ya yi shi, kuma da shi yake tsaye. Kafin ka sa hannu a kayan ɗan'uwanka da sunan taimako, tambaye shi, ka kuma tsaya ka ji amsa. In an ce maka fesawa kawai, to fesa ka tsaya nan. Gwaninta ba ta ba ka izinin goge wahalar wani, kuma akwai ɓarnar da ko an yafe maka ba ta gyaruwa. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, musamman masu jinyar wani a gida. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya raba mu da aikin da-na-sani.